Shekarar 1975 a Tarihin Kamfanin Peugeot na Kaduna da Tasirinta a Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru, wadda take kudu maso gabashin Jihar Kebbi ta yau kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, ba ta taɓa samun layin dogo ba, haka nan ba ta bakin babban kogin da jiragen ruwa ke bi kamar yadda Yawuri take, saboda haka tarihin cuɗanyarta da sauran sassan Nijeriya a ƙarni na 20 tarihi ne na hanyar mota. Duk wanda ya nemi sanin yadda dawar Ribah da Wasagu ta riƙa isa manyan kasuwanni, ko yadda sojan da ke aiki a Kaduna ya riƙa zuwa gida lokacin bikin Uhola, dole ne ya koma ga irin motar da ta yi wannan jigila, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa ƙarshen ƙarnin babu motar da ta riƙe hanyoyin Arewa kamar Peugeot, wadda direbobi da fasinjoji ke kira Fijo. Wannan rinjaye yana da asali a shekara guda, wato 1975, shekarar da abubuwa da dama suka haɗu wa kamfanin a Faransa da Afirka ta Gabas da kuma unguwar Kakuri ta birnin Kaduna.

Kamfanin Peugeot tsohon kamfani ne na wasu iyali a gabashin Faransa, wanda ya fara da ƙera zarto da injin niƙa gahawa da kekuna kafin ya shiga ƙera motoci a ƙarshen ƙarni na 19, kuma babbar masana'antarsa tana garin Sochaux. Motocinsa sun riga masana'antar Kaduna shigowa Nijeriya da daɗewa, domin kamfanin kasuwanci na Faransawa mai suna SCOA ya daɗe yana dillancinsu, kuma samfurin 404, wanda aka fito da shi a 1960, ya yi suna wajen juriya, musamman akori-kurarsa, wato nau'in da ke da buɗaɗɗen baya don ɗaukar kaya. Samfurin 504, wanda ya fito a 1968 kuma aka zaɓe shi motar shekara ta Turai a 1969, shi ne ya gaje shi. Wani mataki da gwamnati ta ɗauka ya ƙara share wa waɗannan motoci fage, ko da yake ba don su aka ɗauke shi ba: a ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta masu magana da Faransanci, abin da ya sa motar da ke da sitiyari a hagu, kamar yadda ake ƙera ta a Faransa, ta zama ita ce daidai da titi, motocin Ingila kuwa suka rasa fifikon da mulkin mallaka ya ba su.

A watan Disamba na wannan shekara ta 1972 aka yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a matsayin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin na Faransa. Manufar gwamnatin Janar Yakubu Gowon ita ce abin da masana tattalin arziki ke kira maye gurbin kayan waje, ma'ana ƙasa ta riƙa yin abin da take sayowa daga ƙetare a cikin gida, ta fara da harhaɗa sassan da aka shigo da su, sannan a hankali ta riƙa ƙera sassan da kanta har ta kai ga cikakkiyar mota. An raba aikin tsakanin yankuna bisa lissafin siyasa da na kasuwa: ƙananan motoci aka ba Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, daga baya kuma manyan motoci suka tafi ga Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu, da Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano. Zaɓen Kaduna bai zo da mamaki ba, ganin cewa unguwar Kakuri ta riga ta zama cibiyar masaƙu tun kafa Kaduna Textiles a 1957, ga masana'antar ƙera makamai ta soja da aka kafa a 1964, ga layin dogo da ya haɗa garin da Legas da Fatakwal da Kano, ga kuma ma'aikatan da suka saba da aikin inji da karɓa-karɓar aiki dare da rana.

A watan Maris na 1975 Janar Gowon ya buɗe masana'antar, kuma motoci suka fara fitowa daga layin harhaɗawa. A cikin wannan wata ne kamfanin ya nuna sabon samfurinsa na manya, wato 604, a bajekolin motoci na Janiba, kuma a ƙarshensa ne direba Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, gasar da a lokacin ake yi a kan dubban kilomitoci na taɓo da ƙura da duwatsu, wadda yawancin motocin da ke shiga ba sa kai ƙarshenta. Bayan watanni kaɗan Hannu Mikkola ɗan ƙasar Finlan shi ma ya ci gasar Maroko da irin wannan mota. A can Faransa kuwa kamfanin yana tsakiyar haɗiye abokin hamayyarsa Citroën, wanda ya sayi kaso mai yawa na hannun jarinsa a Disamba 1974 kuma ya kammala mallakarsa a 1976. Ga mai sayen mota a Afirka, nasarar Safari ta fi duk sauran nauyi, domin ta tabbatar masa a bainar jama'a cewa motar da ake harhaɗawa a Kaduna za ta iya da hanyar da ba kwalta.

Sai dai abin da ya fi tasiri a kan kasuwar motar a wannan shekara ba a masana'anta ya faru ba, a aljihun ma'aikata ya faru. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoba 1973, kuɗi suka kwararo wa gwamnati fiye da yadda ta tsara kashewa, kuma a farkon 1975 aka aiwatar da rahoton hukumar Jerome Udoji kan albashin ma'aikatan gwamnati, wanda ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 312 zuwa Naira 720 a shekara, aka kuma biya bashin ƙarin tun daga Afrilu 1974 a dunƙule. Ƙananan ma'aikata sun sayi rediyo da keke da babur, manya kuwa, waɗanda tsarin aiki ya ba su damar karɓar rancen mota a riƙa cirewa daga albashi, suka nufi dillalan Peugeot. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar, manomin da ba ya cikin jerin masu albashi shi ya ɗauki nauyinta ba tare da ya ga ƙarin ba, kuma wannan rashin daidaito yana cikin abin da ya kamata a tuna idan ana ambaton shekarun da ake yi wa kirari da zamanin wadata.

Wannan kwararar kuɗi ita ce kuma ta kusa shaƙe masana'antar tun tana jaririya. Hukumomin gwamnati, musamman Ma'aikatar Tsaro, sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, adadin da ya ninka abin da tashar jiragen ruwa ta Legas ke iya saukewa a shekara sau da yawa, har jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi na tsawon watanni. Masana'antar da ke harhaɗa mota ba ta iya jiran watanni, domin rashin ƙaramin sashe guda yana tsayar da layin gaba ɗaya. Mafitar da aka samu ita ce jigilar sassan ta sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA na Faransa suka riƙa tashi daga filin jirgin sama na Liyon, wanda shi ma a 1975 aka buɗe shi, suna sauka a Kano maƙare da injuna da akwatunan giya da fallayen bodi, daga nan manyan motoci su kwashe su zuwa Kaduna, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 200. An shafe shekaru ana wannan jigila. Ana yawan ambatonta a matsayin abin bajinta, kuma ta fuskar tsari bajinta ce, amma ita ce shaida mafi bayyana a kan matsayin masana'antar: abin da ake yi a Kakuri shi ne walda da fenti da ɗaura inji da gwaji, zuciyar motar kuwa daga Sochaux take zuwa, kuma ana biyan kuɗinta da na jirginta da kuɗin mai.

Gowon bai ga cikar wata biyar na masana'antar da ya buɗe yana kan mulki ba, domin an hamɓarar da shi ranar 29 ga Yuli 1975, Janar Murtala Muhammed ya hau. Canjin bai cutar da kamfanin ba, hasali ma ya amfane shi. Bayan kisan Murtala a ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta bi manufar rage alfahari a hidimar gwamnati, ta mayar da 504 motar aiki ta manyan jami'ai a maimakon Marsandi, kuma daga nan ma'aikatu da rundunonin soja da 'yan sanda da jami'o'i da ƙananan hukumomi suka zama manyan masu sayen abin da Kaduna ke fitarwa. Zuwa farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, tana ɗaukar dubban ma'aikata, kuma samfurin 505 ya bi sahun 504.

Motar ta isa ƙasar Zuru ta ƙofofi uku, kuma ta farko ita ce ta mulki. A zamanin Turawa Zuru tana ƙarƙashin Kwantagora a Lardin Neja, daga 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, kuma da aka raba wannan jiha a Fabrairu 1976 sai ta faɗa Jihar Sakkwato, kafin ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991 ya mayar da fuskarta Birnin Kebbi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo sakatariya da ma'aikata da kasafin kuɗi zuwa garuruwan da a da ba su da su, shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a wannan shekara ya yawaita malamai da masu duba makarantu, kuma kowane ofishi yana buƙatar motar da za ta kai jami'i hedikwatar jiha ta dawo da shi. Kowane sauyin hedikwata yana nufin sabuwar doguwar hanya, kuma nisan Zuru daga duk garin da aka taɓa mulkarta daga cikinsa ya sa mota mai juriya ta zama kayan aiki na dole.

Ƙofa ta biyu ita ce ta soja, kuma a nan ne Zuru ta bambanta da yawancin garuruwa masu girmanta. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, tare da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, sun shiga aikin soja da yawa tun zamanin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, kuma masu nazari kan danganta hakan da tarbiyyar golmo, wato aikin gona na shekaru da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura tare da tsaransa, wanda ke koyar da juriya da biyayya ga shugaban ƙungiya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya har ta kai kimanin mutum 250,000, kuma daga wannan ƙasa aka samu manyan hafsoshi irin su Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru, da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Kaduna ita ce cibiyar soja ta Arewa, a nan hedikwatar Runduna ta Ɗaya take, a nan kuma makarantar horar da hafsoshi take tun 1964, saboda haka garin da ake harhaɗa motar shi ne garin da ɗimbin 'ya'yan Zuru ke aiki. Hafsa yakan sayi sabuwa da rance, kurtun da ya yi ritaya kuma, wanda sau da yawa ya koyi tuƙi ko kanikanci a bariki, yakan zuba kuɗin sallamarsa a tsohuwar akori-kura ko wagon ya shiga haya.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi shafar talaka, ita ce tasha. Hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi Birnin Gwari da Tegina da Kwantagora da Rijau kafin ta shiga Zuru, da wadda ta bi Dabai da Mahuta zuwa Koko, da wadda ta nufi Daki Takwas, da kuma wadda ta shiga Ribah zuwa Wasagu da Bena, hanyoyi ne na tuddai da kwazazzabai da rafukan da ke cika da damina, kuma ƙirar 504 ta dace da su ta fuskoki da za a iya lissafawa. Ƙarfin injinta yana tafiya ne ga tayoyin baya, waɗanda nauyin kaya ke ƙara danne su a ƙasa lokacin hawan tudu. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa fiye da na yawancin ƙananan motocin Turai. Sifirin da shokozobanta suna da doguwar tafiya, wato suna iya lotsawa sosai su dawo ba tare da bodi ya bugi ƙasa ba. Nau'in wagon kuma, wanda ya fi salun tsawo, yana da layin kujeru uku da aka tsara wa mutum bakwai, ko da yake 'yan kamasho sun saba cusa fiye da haka. Injin mai silinda huɗu ne da ke shan mai ta kafireto, ba shi da na'urar kwamfuta ko ɗaya, don haka direban da motarsa ta mutu a dajin da ke tsakanin Rijau da Zuru yana iya buɗe bonet, ya ciro filogi ya goge, ya busa bututun mai da baki, ya kankare fuskar kontak da 'yar takarda mai kaushi, ya ɗebo ruwan rafi ya cika lagireto, ya ci gaba da tafiya. A ranar kasuwa akori-kura takan fito daga ƙauye da buhunan dawa da masara an jera su har sun wuce kan direba, an ɗaure da igiya, masu kayan suna zaune a sama, yaron mota kuma yana maƙale a baya riƙe da weji, wato guntun katakon da yake sakawa a bayan taya duk lokacin da motar ta tsaya a kan gangara.

Da yake samfuri ɗaya ne ya cika ƙasa, sana'ar gyaransa ta yi zurfi fiye da yadda za ta yi da a ce motoci iri-iri ne. Yaron da aka kai gareji yakan shafe shekaru a hannun maigidansa, ya fara da wanke sassa da miƙa sifana, ya kai ga sauke akwatin giya da canza faifan kuloci, a ƙarshe a yaye shi ya buɗe nasa wurin, kuma abin da ya koya a Zuru zai yi masa aiki a Gusau ko Maraɗi ba tare da ya sake koyon komai ba. Sassa suna samuwa sababbi da tsofaffi a kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano, maƙera da masu walda na gida kuma sun koyi ƙera abin da ya yi wuyar samu. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ta tsara layin lodi da kuɗin mota a tashoshi. Idan aka auna da idon basira, ilimin fasaha da shekarar 1975 ta yaɗa a Arewa ya fi zama a waɗannan garejoji na bakin hanya fiye da cikin masana'antar kanta, kuma ba wannan ne abin da masu tsara manufar suka yi niyya ba.

Abin da suka yi niyya, wato ƙera mota daga ƙarfen gida, bai samu ba. An samu ci gaba a sassa masu sauƙi, kamar taya daga Michelin a Fatakwal da Dunlop a Legas, da batir, da gilashi, da soson kujera, da fenti, amma inji da akwatin giya da fallen bodi suna buƙatar masana'antar ƙarfe, kuma ta Ajakuta, wadda aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, ba a kammala ta ba har yau. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma hakan ya bayyana da zarar farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980: gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasisin shigo da kaya da kuɗin waje ya yi wuya, sannan shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar Naira daga Satumba 1986, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashin da a 1975 yake iya sayenta. Gurbin da aka bari sai tsofaffin motocin Turai suka cike shi, waɗanda ake saukewa a tashar Kwatano a shigo da su ta kan iyaka, kuma a hankali ƙananan motocin Japan da na Jamus suka karɓe tashoshin da wagon ta riƙe.

Sauran labarin gajere ne. Manufar mayar da alawus-alawus kuɗi da gwamnatin Obasanjo ta farar hula ta kawo a 2003 ta rage sayen motocin ofis, wato ta janye babban mai sayen da ya riƙe kamfanin kusan shekara 30, kuma a tsakiyar shekarun 2000 aka daina harhaɗa 504 a Kaduna, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. A 2006 gwamnati ta sayar da rinjayen hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors na Alhaji Sani Dauda, a 2012 hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta karɓe kamfanin saboda bashi, a 2020 kuma ta sayar da shi ga kamfanin Nesbitt. Michelin da Dunlop sun rufe masana'antunsu na taya a Nijeriya a 2007 da 2008. A 2022 wani sabon kamfani, haɗin gwiwar Dangote da gwamnatocin jihohin Kaduna da Kano da kuma Stellantis, rukunin da Peugeot ta shiga a 2021, ya fara fitar da samfurin 301 a wata sabuwar masana'anta da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma shi ma da sassan da aka shigo da su daga waje yake harhaɗa shi.